Tayar da Ke Ƙarƙashin Inna

Idan aka yi wa tsohuwa abin da kowa ya ga shi ne alheri a gare ta, amma hujjar da aka kafa ba gaskiya ba ce, an kyauta mata ne ko an cuce ta? Ban san amsa ba. Na dai san mutumin da tambayar ta faɗo wa, kuma daga ƙarƙashin motarsa ta fito masa.

Malam Birki ake ce masa. Koyar da tuƙi ne sana'arsa, kuma bakinsa ne ya jawo masa sunan, don ɗalibi ba ya tafiyar kirki sai ya ji an daka masa tsawa, "Birki! Birki!" Motarsa 'yar ƙarama ce fara, ta kwana biyu a duniya amma tsaf take. Kamar sauran motocin koyarwa, birkin ƙafa biyu gare ta, ɗaya a wurin direba, ɗaya a wurin mai zama kusa da shi. Don haka duk kujerar da ya zauna a gaba, akwai abin takawa a ƙarƙashin ƙafarsa. Kujerar baya kuwa, tun da ya sayi motar bai taɓa ɗora mazaunansa a kanta ba.

"Ni ba na zama inda ƙafata ba ta kai birki," in ji shi, ga duk wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba.

Matarsa ma ta ɗanɗana. Ya taɓa ɗaukar ta zai koya mata, da takun birkin ya ishe ta sai ta buɗe ƙofa a tsakiyar fili ta koma gida a ƙasa. Ta je wata makarantar ta koya, ta samo lasisinta ta jefa a jaka. Daga ranar ba ta ƙara taɓa masa sitiyari ba, shi ma bai ƙara yi mata tayi ba.

Amma abin da ya fi taƙama da shi birkin hannu ne. Kafin a zare makulli, kafin a buɗe ƙofa, kafin a amsa gaisuwar kowa, a ja birkin hannu. Ya faɗa har hannunsa ya haddace, ba ya ma jiran izininsa. Matarsa ta rantse ta taɓa ganin hannun yana laluben gefen katifa yana ja, mai shi kuwa yana ta minshari.

Mahaifiyarsa, Inna, ita kaɗai take zaune a gidanta tun rasuwar mahaifinsu. Ɗaki biyu ne da tsakar gida, da bishiyar lemo da ita ta dasa, da kaji waɗanda ta san halin kowace, da keken ɗinki a bakin taga inda haske ya fi faɗowa. Har yanzu matan unguwa na kawo mata gyaran kaya, don da ido take gane inda riga ta matse. Duk ƙarshen mako Malam Birki kan kai ta kasuwa ta sayo zare da maɓallai. A baya take zama, bayan direba, domin ya hana ta gaba kada ta taka masa birkin koyarwa.

Suna dawowa ne wata rana, sun sha kwanar da ke gaban gidan mai, sai ta ce, "Auta, motar nan kwankwasonta ya saki."

"Inna, mota ba ta da kwankwaso."

"To abin da take da shi a wurin ya saki. In ka sha kwana sai in ji ta yi gefe da ni, sannan ta dawo. Ga wani gurnani da take yi a ƙarƙashina kamar kare ya ga baƙo."

"Titin ne, Inna. Duk ya farfashe."

"Titin nan na riga ka saninsa."

Ya yi dariya ya ƙara muryar rediyo. Sitiyari na hannunsa, bai ji komai ba. Ɗalibansa ma ba wanda ya taɓa kuka, ko da yake su a fili suke rarrafawa, gudun da ko akuya ba za ta kauce masa ba.

Da Inna ta bar maganar a nan, da ba a yi labari ba. Sai ta faɗa wa Yaya.

Yaya ita ce babbar 'yarta, ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, amma ba ta yi ritaya daga duba mutane ba. Washegari ta iso da jakar kayan awonta, ta sa aka kira Malam Birki ya zo ya zama shaida.

"Tun yaushe kike jin haka, Inna? In kin miƙe tsaye fa? In kin sunkuya?"

"Na ce miki a mota ne."

"Haka yake farawa."

Ta auna jininta, ta leƙa idanunta, ta ja layi da ƙafa a tsakar gida ta ce ta bi. Inna ta bi layin har ƙarshe, ta dawo, ta ƙara da 'yar rausaya don a tabbatar. Malam Birki ya tuntsire da dariya, Yaya ko murmushi. Ta ja shi bakin ƙofa ta rage murya.

"Jiri ne, Auta. Na ga irinsa ba adadi. Yau a mota, gobe a banɗaki. Ka manta bara da ta zame a bakin famfo, ba wanda ya sani sai da maƙwabciya ta leƙo? Ɗakin nan na gidana a share yake, ga jikokinta. Me take jira a nan, kaji?"

"Ina jin ku," in ji Inna daga bakin taga. Kunnenta dai ba wanda ya taɓa zargi. "Ku daina raɗa a kaina kamar an yi rasuwa. A kai motar a duba. In bakanike ya ce lafiyarta lau, to kaina ne, ku ɗaure mini kayana in bi ki. In ya ce ita ce, ku bar ni da kajina."

Ta faɗa da ƙarfin wadda ta san abin da ta ji. Yaya ta amince nan take, da ƙarfin wadda ta san abin da ta gani a asibiti.

Bakaniken Malam Birki abokinsa ne tun suna yara. Gyaran ƙafar mota ne aikinsa, wato taya da duk abin da ke riƙe da ita, shi ya sa ake ce masa Mai Ƙafa. Garejinsa rumfar kwano ce, ƙasanta ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai, tsofaffin tayoyi jibge a kusurwa. Bango ɗaya ya raba shi da mai buga jikin mota, wanda gudumarsa ba ta san hutu ba.

"A'a, Malam Birki da kansa! Wane ɗalibin ne ya hau maka katanga da ita?"

"Ɗalibaina ba sa hawa komai. Inna ce ta ce bayan motar na rawa."

"In Inna ta ce, akwai magana. Kawo makullin in ja, kai ka zauna inda take zama, mu zaga mu dawo. Matsalar tayar baya, wanda ke zaune a kanta ya fi direba ji."

"Ni a baya, kai a sitiyari? Kai da na ga ka shiga kwana da hannu ɗaya kana waya da ɗayan?"

"To kai ka ja, ni in zauna a bayan."

Malam Birki ya dube shi daga sama har ƙasa, rigar aikin nan da in aka matse ta za a iya yi wa wata motar juyen mai. "Da wannan kayan? A kujerar Inna?"

"Kai dai Allah ya shirye ka. To mu ɗaga ta."

Mai Ƙafa ya bi notunan tayar da sifana, duk a ɗaure. Ya tokare tayoyin gaba da duwatsu, ya sa motar a giya, ya tura jak.

"Abin da ke sa tayar baya rawa ba shi da yawa," ya ce yana ɗagawa. "Ko noti ya kwance, mun ga ba shi ba ne. Ko boris ɗin da take juyawa a kai ya ci. Ko robobin da ke riƙe da ƙarafan ƙafar sun mutu. Saki mini birkin hannu. In an ja shi, damƙe tayar yake yi, ko boris ya zama gari ba za ta motsa ba."

Malam Birki ya saki, da ɗan jin nauyi, kamar an ce ya cire hula a gaban surukai. Mai Ƙafa ya juya tayar da hannu, ta yi ta juyawa, ya kara kunne.

"Ka ji wani abu?"

"Ina jin maƙwabcinka."

Gudumar kuwa kamar da gayya. Ana cikin haka wayar Mai Ƙafa ta yi ƙara, ya duba ya ce matarsa ce, ya tsallaka titi inda zai ji ta. Malam Birki ya ga kafin ya dawo gara shi ma ya leƙa ƙarƙashin motar, sai ya tuna tabaraunsa na ciki, tsakanin kujerun gaba. Ya buɗe ƙofa ya miƙa hannu ya ɗauko. Da zai rufe ƙofar, hannun nan ya ga mota a tsaye ba birki, ya yi abin da ya saba. Guduma ta haɗiye ƙarar, mai hannun ma bai san an yi ba.

Mai Ƙafa ya dawo yana ƙunƙuni kan cefane. Ya durƙusa, ya kama tayar sama da ƙasa, ya jijjiga da ƙarfinsa. Ko gezau. Ya kama ta gefe da gefe, haka. Ya kwanta ya sa ƙarfe ya bi robobin yana bambara, ba wadda ta ba da kai. Ya koma ɗaya tayar, ita ma ƙam.

"Ƙafar nan ta fi tawa lafiya," ya ce yana sauke jak.

"To Inna fa?"

Mai Ƙafa ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. "Ni mota na iya," ya ce.

Da aka gaya wa Inna ba ta yi gardama ba. Ta dubi ɗanta kawai ta ce, "Ya girgiza ta?"

"A gabana, Inna. Sama da ƙasa, gefe da gefe."

"To."

Ta tashi ta ɗauko mayafin keken ɗinkin ta lulluɓe shi, ga rigar wata mata a kai ba a gama ba. Aka tsai da ƙarshen mako don tashi. Yaya ta kawo kwalaye da igiya, maƙwabciya ta ce za ta riƙe kajin. Duk wannan bai dami Malam Birki ba sosai, har ya fara lissafin cewa daga gidan Yaya kasuwa ta fi kusa. Abin da ya tsaya masa a rai ƙarami ne. Da ya leƙo tsakiyar mako, ya ga Inna za ta tafi madafa tana dafe da bango. Inna da ke tsallake rariya da bokiti a hannu.

"Jirin ne, Inna?"

"Ban ji komai ba. Amma tun da an ce yana nan, gara in riƙe wani abu kafin ya zo."

Ranar da gaskiya ta fito masa, yana koya wa wani mai gidan burodi ne, ƙaton mutum da ya sayi mota kafin ya iya ta. Mutumin ya sa giya ya taka totur, mota ta yi ta nishi ta ƙi gaba.

"Me ka manta?"

"Wallahi Malam, kai ka ce kullum a ja birkin hannu."

"A ja in an tsaya! Ka ga bayanta ya ƙi tafiya? Birkin hannu tayoyin baya yake damƙewa, ya riƙe su ƙam, ko motsi ba sa..."

Bai ƙarasa ba. Ya ga kansa a garejin Mai Ƙafa, an sauke jak, an janye duwatsu, ya shiga ya tayar da mota, ya saki birkin hannu ya tafi. Ya saki. Ba a sakin abin da ba a ja ba. Kuma Mai Ƙafa bai shiga motar ba bayan ya dawo daga wayarsa, da wannan rigar wa zai bar shi?

"Malam, lafiya? In taka birki?"

"Taka," in ji shi. "Taka komai."

Ya koma gida ya tarar da matarsa tana kwashe shanya. Ya tsaya yana karɓar kayan yana ninkewa, abin da bai saba ba, har ta dube shi ta ce, "Me ka fasa?"

Ya gaya mata duka. Sannan ya gaya mata abin da ya yi ta juyawa a hanya.

"Kin ga, ko motar ce, Yaya ba ta yi ƙarya ba. Inna ta tsufa. Ta zame bara. A can akwai mutane, akwai mai duba ta. In na tayar da maganar nan, ta zauna ita kaɗai, gobe wani abu ya same ta, wa ya jawo? Ni. In na yi shiru na je aka gyara a ɓoye, an kai ta inda ya kamata, kowa ya huta."

"Kowa?"

"To, ita ma za ta saba."

"Malam, ni ban iya irin wannan lissafin naka ba. Ƙila gidan Yaya ya fi mata, ban ce a'a ba. Amma matar nan yau tana dafa bango a gidan da ta yi shekaru tana sharewa, saboda kun ce mata jikinta na yi mata ƙarya. In za ku ɗauke ta, ku ɗauke ta da hankalinta." Ta karɓe zanen da ya ninke ta warware. "Wannan kuma ba haka ake ninke shi ba."

Da safiyar ranar tashi ya koma gareji. Mai Ƙafa ya saurara har ƙarshe, sannan ya zauna a kan tsohuwar taya ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ni ma da laifina, da na sake juya ta da na gane. Amma kai! Mota a kan jak, duwatsu a gaba, wa ka ga za ta gudu ta kaɗe?"

"Ka gama?"

"Saura kaɗan." Ya share hawaye. "To saki. Kuma ka sa hannayenka a aljihu, in ga sun shiga."

Aka ɗaga. Mai Ƙafa ya roƙi maƙwabcinsa ya ba gudumar hutu. Ya juya tayar, wannan karon suka ji ta, wani gurnani ƙasa-ƙasa kamar ana niƙa tsakuwa. Ya kama ta sama da ƙasa ya jijjiga. Ƙwas, ƙwas. Tayar ta sunkuya ta ɗago a hannunsa, ko makaho zai ji. Dariyar Mai Ƙafa ta ɗauke.

"Miƙa ƙafa ka danna birkin ƙafa, ka riƙe."

Malam Birki ya danna. Mai Ƙafa ya jijjiga, shiru.

"Saki." Ƙwas, ƙwas. "Ka gani? In birki ya riƙe rawar ta ɓace, boris ne. Da robobi ne, ko ka taka da ƙafa biyu za ta ci gaba. Wannan ya daɗe yana ci. Da kun ƙara 'yan makonni kuna hawa babban titi, wata rana tayar nan za ta wuce ku tana gaisuwa. Kuma daidai ƙarƙashin Inna take." Ya miƙe. "Ina da sabo a ciki. Kafin ka sha shayi na ɗaura, ba wanda zai san an yi."

Malam Birki ya tsaya da hannaye a aljihu. Tayin ya yi masa daɗi a kunne, ba zai ɓoye ba. Ya dubi tayar, ya dubi kujerar da ke samanta, da ɗan matashin da Inna ta ɗinka wa bayanta.

"Sauke ta haka. Zan dawo da ita da yamma."

"Ka haukace?"

"Shaida zan kai."

Mai Ƙafa ya dube shi, ya gane. "To lallaɓa. Ban da babban titi, ban da gudu, ban da kaya. Kai dama gudu ba ya cikin laifuffukanka."

Malam Birki ya tarar da gidan Inna a hargitse. Kwalaye a tsakar gida, katifa a naɗe, matarsa da Yaya suna ɗaure keken ɗinki da igiya. Inna na zaune a kan kujera a ƙarƙashin lemo, jakarta a cinya, kamar mai jiran mota a tasha.

Ya durƙusa a gabanta. "Inna, motar ce. Boris ɗin tayar da kike zama a kanta ya ci. Ranar farko ni na ja birkin hannu ya ɓoye rawar, ban sani ba. Kanki lafiya lau."

Yaya ta saki igiya.

"Auta, kada ka raina mana hankali. Wancan makon lafiya lau, yau lalace? Ka ga ta ɓata rai ne ka je kuka shirya da abokinka."

"Wallahi Yaya, da idona na gani."

"Wancan ma da idonka ka gani. Kai da kake cikin motar kullum, ka taɓa jin rawar nan a jikinka?"

Bai taɓa ba.

"Kuma ko motar ce," in ji Yaya, muryarta ta sauko, "shekarunta ba su ragu ba. Ni ce ba na barci in na tuna ita kaɗai ce a gidan nan. Wannan ma boris ne?"

Gaskiya ta faɗa. Inna ta ajiye jakarta a ƙasa, ta dubi Yaya.

"Ke, zo nan. Ranar da kaina ya fara juyawa, ni zan fara gaya miki, kamar yadda na gaya muku na mota. Ban ɓoye ba, ku ne ba ku yarda ba. In kun saba yarda da ni, ba sai kin hana kanki barci ba. Ranar da na ce ki zo, ki zo da igiyarki, ba zan yi musu ba."

Yaya ta goge ido da gefen mayafinta, amma ba ta cika sallamawa da wuri ba. "In na ji da jikina, a kwance kayan. In ban ji ba, maganarmu na nan."

"Shiga baya, Yaya, in zaga da ke," in ji Malam Birki da sauri, ya riga ya zaro makulli.

"A'a," in ji Inna. "Ita ta zauna a ɗaya gefen. Wurina kai za ka zauna."

"Ni? Inna, ai Mai Ƙafa ya riga ya tabbatar..."

"Mai Ƙafa ba ni na haife shi ba. Ya yarda da ni tun bai duba ba, na san yaron. Kai ne ka ƙara mini rediyo."

"To wa zai ja?"

Duk suka juya. Matarsa na tsaye da guntun igiya a hannu, tana kallon sama kamar ba da ita ake ba.

"Amarya," in ji Inna, don haka take kiran ta har yau da 'ya'yanta suka fi ta tsawo, "lasisin nan naki ya ruɓe ne a jaka?"

"Yana nan da ransa, Inna."

"To ni a gaba zan zauna. Na gaji da kallon ƙeyar Auta."

"Inna, akwai birki a wurin! Kada ki taka!"

"Na sani. Yau a ƙafata yake."

Ya tsaya a bakin motar, makulli a tafinsa. Ya dubi kujerar direba, ya dubi ta kusa da ita, Inna ta riga ta shige tana gyara zama, ba ta dafa komai ba. Ya miƙa wa matarsa makullin kamar mai ba da jinjiri.

"A hankali. Ban da babban titi. Ki duba madubi. Kafin ki sa giya ki..."

"Malam, shiga."

Ya buɗe ƙofar baya. Ya sunkuya, ya shiga, ya zauna a kan ɗan matashin Inna, gwiwoyinsa sun tokare kujerar gaba. Daga nan duniya daban take, ba sitiyari, ba madubi, sai ƙeyar matarsa. Ta saki birkin hannu, ta ja motar lallausan ja, irin wanda da ɗalibinsa ne ya yi da ya yaba.

Suka miƙe layin, suka fito inda titi ya ɗan buɗe. Gurnanin ya taso daga ƙarƙashinsa, ya bi ƙashin bayansa har wuya. Yadda bai taɓa jin sa daga gaba ba, shi ma ya rasa. Ga kwanar gidan mai ta taho. Matarsa ta karya sitiyari a hankali, sai bayan motar ya yi gefe da shi, ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya dawo.

Yaya ta damƙe hannunsa. "Innalillahi! Haka take yi?"

"Haka take yi," in ji Inna, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Amarya, juya mu koma," in ji Yaya. "Akwai kaya da za a kwance."

"Birki!" in ji Malam Birki. "Birki!"

Ba wanda ya taka. Ƙafarsa ce kawai ke ta danna shimfiɗar ƙasan motar, inda babu komai.